Lamba Goma Sha Huɗu

Ƙarfe ɗayan dare a Hanwa,
an ɗauke wuta tun sallar isha'i,
fanka ta mutu, sauro na goge a kunnena,
ni kuwa ina da ƙungiya.

Gaggafan Kufena, haka na raɗa musu,
ba rago, ba goro, ba walima.
Mutum goma sha biyu a tafin hannuna,
'yan ƙwallon kwando,
ba wanda ya taɓa ƙetare Kubanni a cikinsu,
amma ran da aka ci su, tuwo ba ya wuce min wuya.

Da rana ni malamin lissafi ne
a makarantar kuɗi, can Tudun Jukun,
alli har gira, wata biyu ba albashi.
Da dare ni ke biya.
Duk Litinin, ba fashi,
ba "a ƙara haƙuri, iyaye ba su kawo ba."

Na sauke farashin kujerun baya, fili ya cika.
Na ɗauko likita mai tsada.
Jatau, ɗan shekara sha tara,
tsayin giginya, hannun rariya,
na ɗaure shi a atisayen kamun ƙwallo mako bakwai.
Ran da makinsa ya tashi daga biyar zuwa shida
na yi tsalle, shayi ya malale
a kan takardun jarrabawar 'yan aji uku.

To, ga Barau.
Lamba goma sha huɗu, shekara talatin da huɗu.
Shi ya jefa ta daga nesa, saura daƙiƙa ɗaya,
daren da muka haye babban rukuni,
ina tsugune a shagon cajin Tanimu a Kwangila,
na yi ihu har masu shayi suka zaci ɓarawo ne.
Yanzu jar kibiya ce gefen sunansa, kanta ƙasa.
Gwiwa ta gaji.
Albashinsa zai riƙe yara uku.
Asusu ya yi ja kamar gauta.

Wani daga ƙasar da ban iya faɗin sunanta ba
ya taya shi, tayi mai kyau.
Agogon ciniki na ci: saura minti arba'in.
Gambo ya turo saƙo: "Sallama mana!
Ba rai gare shi ba, lamba ce kawai."

Ban gaya wa Gambo ba
yau mai makaranta ya kira ni ofis,
ya miƙo min ruwan leda mai sanyi da hannu biyu.
Ya ce 'yan bautar ƙasa biyu
ba su kai rabin kuɗina ba,
ga su da kwamfuta a ka.
"Ba laifinka ba ne, Malam. Lissafi ne."
Na dawo gida na buga shi a bayan ambulan,
na sake bugawa,
na nemi kuskure kamar mai neman allura a yashi.
Daidai yake. Da ɗalibina ne, da na ba shi goma bisa goma.

Batir saura huɗu.
Babban yatsana na shawagi kan maɓalli
kamar shirwa kan 'yan tsaki.

Na soke ginin sabbin kujeru.
Na sallami likita, Allah ya haɗa shi da rabonsa.
Na mayar wa mai tayi: albarka.
Na sa Barau gefen Jatau, minti goma a kowane wasa,
ko hannun yaron zai koyi abin da atisaye bai koya masa ba.
Na san injin bai san wannan ba.
Na san za mu sauka rukuni.

Waya ta mutu a hannuna, da ɗuminta.
Na hura gawayi, na zuba a dutsen guga.
Saura mako uku zango ya ƙare,
kuma 'yan aji uku har yau ba su gane kashi cikin ɗari ba.